BABI NA UKU: ƊAURE RAUNI DA MAGANIN KASHE ƘWAYOYIN CUTA A FARKON YAƘIN DUNIYA NA ƊAYA, 1914 ZUWA 1917

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi nazari ne a kan yadda likitocin soja suka riƙa ɗaure raunukan mayaƙa da magungunan kashe ƙwayoyin cuta a shekarun farko na Yaƙin Duniya na Ɗaya, musamman a fagen daga na Faransa da Beljiyam. Za a fara da waiwayen asalin wannan hanya da irin darasin da likitoci suka ɗauka daga yaƙe-yaƙen da suka gabata, sannan a duba abin da suka tarar a shekarar 1914, da saɓanin da ya ɓarke a tsakaninsu, da kuma hanyoyin da aka fito da su domin shawo kan matsalar. Manufar babin ita ce ya nuna cewa likitocin sun shiga yaƙin suna da yaƙinin magani da bandeji sun isa su tsare rauni daga ruɓewa, amma abin da ya ceci rayuka daga baya shi ne gaggauta kai mai rauni hannun likitan fiɗa da kuma yanke naman da ya mutu. Shi maganin ya koma matsayin mataimaki ne kawai.

3.1 Asalin Ɗaure Rauni da Magani

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, likitocin Turai sun ɗauki mugunya a matsayin abin da ba makawa sai ya biyo bayan kowane rauni, kuma da yawansu suna ɗora laifin a kan gurɓatacciyar iska. Binciken Louis Pasteur na ƙasar Faransa ne ya nuna cewa wasu ƙananan halittu da ido ba ya iya gani su ke haddasa ruɓewa. Wani likitan fiɗa da ke aiki a birnin Glasgow, mai suna Joseph Lister, ya ɗauki wannan bayani ya yi aiki da shi. A watan Agusta na 1865 aka kawo masa wani yaro ɗan shekara 11 wanda amalanke ya taka, ƙashin ƙafarsa ya karye har ya huda fata. A wancan zamani irin wannan karaya takan kai ga yanke ƙafa ko kuma mutuwa. Lister ya jiƙa ƙyalle da ruwan kabolik ya rufe raunin, kuma cikin kimanin mako shida yaron ya warke da ƙafarsa.

A shekarar 1867 Lister ya bayyana wannan hanya a mujallar likitoci ta Lancet. Alƙaluman da ya bayar daga baya sun nuna cewa kafin ya fara amfani da kabolik, mutum 16 cikin 35 da ya yanke wa gaɓa sun mutu, amma bayan ya fara, mutum 6 ne kawai suka mutu cikin 40. Sai dai akwai abin lura a nan. Nasarar Lister ta fi ƙarfi ne a ɗakin tiyata, inda likita ne yake yin yankan da kansa, da wuƙa mai tsabta, a kan fatar da aka wanke. Wato aikin maganin shi ne hana ƙwayoyin cuta shiga, ba fitar da waɗanda suka riga suka yi nisa a cikin tsoka ba. Zuwa shekarun 1890 ma asibitoci da dama sun koma dafa kayan aiki da turara su, ta yadda ƙwayoyin ba za su kusanci raunin ba tun farko. Saboda haka matasan likitocin da suka tafi yaƙi a 1914 sun tashi ne a asibitocin da ba a cika ganin mummunar ruɓewa ba.

3.2 Darasin Yaƙe-yaƙen Baya

A yaƙin Faransa da Furushiya na 1870 zuwa 1871 hanyar Lister ba ta riga ta karɓu ba, kuma sakamakon ya yi muni ƙwarai. A ɓangaren Faransa an yanke wa kimanin mutum 13,000 gaɓoɓi, kusan 10,000 daga cikinsu suka mutu. Wannan asara na daga cikin dalilan da suka sa likitocin Jamus, irin su Richard von Volkmann na garin Halle, suka rungumi hanyar Lister bayan yaƙin.

A yaƙin Rasha da Turkiyya na 1877 zuwa 1878 an sami ra'ayi biyu. Carl Reyher ya nuna amfanin buɗe rauni a tsabtace shi tun da wuri, sannan a sa magani. Shi kuwa Ernst von Bergmann ya sami kyakkyawan sakamako a raunukan gwiwa ta hanyar rufe su da ƙyalle mai magani, a ɗaure ƙafar kada ta motsa, ba tare da an tona ana neman harsashi ba. Ra'ayin Bergmann ne ya fi yin tasiri, har aka wayi gari ana koyar da cewa raunin harsashi ba ya ɗauke da ƙwayoyin cuta masu yawa, hannun likita da kayan aikinsa ne suke shigar da su.

Yaƙin Bowa da aka yi a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902 ya ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi a wurin likitocin Ingila. A can yawancin raunukan na bindiga ne mai siririn harsashi, wanda ake harbowa daga nesa, ya shiga ya fita ya bar ƙaramin huji. Ƙasar kuma busasshiya ce, rana na dukanta, ba a cika noma ta da taki ba. Da zarar an rufe irin wannan rauni da ƙyalle mai tsabta, sau da yawa yakan warke da kansa. Daga nan ne aka yanke hukuncin cewa mafi alheri shi ne a ɗaure rauni a ƙyale shi. Kuskuren da aka yi shi ne ɗaukar abin da ya dace da wata ƙasa da wani irin makami a mayar da shi doka ga kowane yaƙi.

Bisa wannan fahimta ce aka tanadar wa kowane sojan Ingila wani ɗan ƙunshi na ɗaurin farko, wanda yake ajiyewa a wani aljihu da ke cikin rigarsa. Ƙunshin yana ɗauke da bandeji biyu, ɗaya domin inda harsashi ya shiga, ɗaya domin inda ya fita, kowanne da lallausan ƙyallen da aka sa wa magani. Ana sa ran sojan da kansa ko abokinsa zai ɗaure raunin nan take.

3.3 Abin da Aka Tarar a Shekarar 1914

Tun daga gumurzun kogin Marne da na kogin Aisne a watan Satumba na 1914 al'amura suka sauya. Abubuwa huɗu ne suka taru suka rushe tsohuwar koyarwa.

Na farko shi ne makami. Fiye da rabin raunukan wannan yaƙi harsashin igwa ne ya haddasa su. Ɓaraguzan ƙarfensa ba su da siffa, sukan yayyaga tsoka, su farfasa ƙashi, su toshe hanyoyin jini, su bar rami mai lunguna da yawa. Na biyu shi ne ƙasa. Gonakin arewacin Faransa da Beljiyam an shafe ɗaruruwan shekaru ana zuba musu takin dawaki da na shanu, kuma a cikin hanjin waɗannan dabbobi ne wasu miyagun ƙwayoyin cuta suke zaune. Na uku shi ne tufafi. Sojan da ya yi kwanaki a cikin ramin yaƙi, rigarsa da wandonsa sun jiƙe da taɓo, duk ƙarfen da ya same shi sai ya tura guntun ƙyallen nan zuwa can cikin nama. Na huɗu shi ne jinkiri, domin a watannin farko mai rauni yakan yi kwana biyu ko fiye kafin ya isa asibitin da za a yi masa aiki.

Cututtuka biyu ne suka fi tayar da hankali. Ɗaya ita ce ciwon sarƙewar haƙora, wanda likitoci ke kira tetanus. Ɗayar kuma ita ce ruɓewa mai iska, inda tsoka take mutuwa tana kumbura da iska mai wari, ciwon yana hawa gaɓa cikin sa'o'i kaɗan. Ƙwayoyin waɗannan cututtuka biyu ba sa son iskar shaƙa, sun fi bunƙasa a cikin mataccen nama inda jini ba ya kaiwa. Ke nan rufe bakin rauni da bandeji ba ya hana su komai, wani lokaci ma yakan gyara musu wurin zama ne. A 1915 Alexander Fleming ya binciki guntayen tufafin sojoji 12 da aka raunata, ya sami ƙwayar ruɓewa mai iska a 10 daga ciki, ta sarƙewar haƙora kuma a 4.

Matsalar sarƙewar haƙora an shawo kanta da wuri, amma ba ta hanyar bandeji ba. Tun 1890 Emil von Behring da Kitasato Shibasaburo suka gano ruwan jinin da ke karya dafin wannan cuta. Daga wajen watan Oktoba na 1914 aka fara yi wa kowane mai rauni allurarsa, akan kuma rubuta masa alama a goshi domin a san an yi masa. A rundunar Ingila masu kamuwa sun ragu daga kimanin 8 ko 9 cikin kowane 1,000 na masu rauni zuwa abin da bai kai 2 ba kafin ƙarshen shekarar. Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba, domin ruɓewa mai iska da sauran nau'o'in mugunya sun ci gaba da cin rayuka da gaɓoɓi.

3.4 Saɓanin Cheyne da Wright

Ganin haka sai likitocin Ingila suka rabu gida biyu. Ɓangare na farko yana ƙarƙashin Sir William Watson Cheyne, tsohon almajirin Lister kuma shugaban Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Ingila a lokacin. A ganinsa ba maganin ne ya gaza ba, masu amfani da shi ne suka yi sakaci da koyarwar Lister. Saboda haka ya nemi a riƙa sa magani mai ƙarfi, kamar tsantsar kabolik, a cikin rauni tun da wuri.

Ɓangare na biyu yana ƙarƙashin Sir Almroth Wright na asibitin St Mary's da ke Landan, wanda ya yi suna wajen allurar rigakafin zazzaɓin taifod. Wright ya kafa ɗakin bincike a garin Boulogne, a wani gidan caca da aka mayar asibitin soja, kuma Fleming yana cikin mataimakansa. Hujjarsu ita ce jiki yana da nasa mayaƙan, wato fararen ƙwayoyin jini da ruwan jini, kuma magani mai ƙarfi yakan kashe waɗannan kafin ya kai ga ƙwayoyin cutar da suka ɓuya. Idan haka ne, an yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Wright ya ba da shawarar a riƙa jiƙa rauni da ruwan gishiri mai kauri, kimanin kashi 5 cikin 100, domin ya jawo ruwan jiki daga cikin tsoka ya wanko raunin daga ciki zuwa waje.

Fleming ya ƙarfafa wannan hujja da wani gwaji mai sauƙi. Ya gasa kwalbar gwaji a wuta, ya jajjawo jikinta ta yi tsinaye masu rami, ta yi kama da rauni mai lunguna. Ya cika ta da ruwan jini mai ƙwayoyin cuta, bayan sun yaɗu ya zubar, ya zuba magani ya bar shi na tsawon lokaci, sannan ya zubar ya sake zuba ruwan jini mai tsabta. Sai ƙwayoyin suka sake tsirowa, domin maganin bai kai ƙarshen tsinayen ba. Haka kuma ya nuna cewa jini da mugunya suna raunana ƙarfin magunguna da dama.

Muhawarar ta yi zafi a mujallun likitoci a 1915 da 1916, har ta kai ga gugar zana tsakanin manyan biyu. Idan aka duba da kyau za a ga kowane ɓangare yana da rauninsa. Cheyne ya ɗora wa magani aikin da ba zai iya ba. Shi kuma ruwan gishirin Wright yana da zafi ga majinyaci, kuma shi kaɗai bai isa ya tsayar da ruɓewa mai iska ba. Amma bayanin da Wright da Fleming suka yi game da dalilin gazawar magani a rauni mai zurfi ya tabbata gaskiya.

3.5 Hanyar Carrel da Dakin

A ɓangaren Faransa an bi wata hanya ta tsakiya. Alexis Carrel, likitan fiɗa Bafaranshe da ke aiki a Cibiyar Rockefeller ta birnin New York, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 1912, ya buɗe asibitin bincike a wani otal da ke garin Compiègne a 1915, ba nisa da bakin daga. Ya haɗa gwiwa da Henry Dakin, masanin haɗa sinadarai ɗan Ingila. Abin da suke nema shi ne maganin da zai kashe ƙwayoyin cuta ba tare da ya ƙone nama mai rai ba. Bayan gwada sinadarai kimanin 200, Dakin ya tsaya a kan haifokulorait, wato sinadarin nan da ke cikin ruwan bilic na wankin tufafi. Ya tsarma shi zuwa kusan rabin kashi ɗaya cikin 100, ya kuma sa sinadarin borik domin ya rage masa kaifi.

Da yake wannan ruwa yana saurin rasa ƙarfinsa idan ya haɗu da nama, sai Carrel ya tsara yadda za a riƙa sabunta shi. Da farko likita zai buɗe raunin sosai, ya cire ƙarfe da ƙyalle da mataccen nama. Sannan a shimfiɗa siraran bututun roba masu ƙananan huji a kowane lungu na raunin, a haɗa su da kwalbar da aka rataye a saman gado. Duk bayan sa'a biyu, dare da rana, ma'aikaciyar jinya za ta saki ruwan ya ratsa raunin. Fatar da ke kewaye kuma akan rufe ta da ƙyalle mai man basilin domin kada ta ƙone. Bugu da ƙari, a kai a kai akan ɗebi ruwan raunin a duba a madubin likita, a ƙirga ƙwayoyin cutar, kuma ba a ɗinke raunin sai sun kusa ƙarewa.

Wannan hanya ta rage yanke gaɓoɓi a asibitocin da suka bi ta sau da ƙafa, ciki har da asibitin Antoine Depage da ke La Panne a Beljiyam. Amma tana da wahalhalu. Ruwan ba ya daɗewa a ajiye, dole a riƙa haɗa sabo ana auna shi daidai, domin in ya yi ƙarfi ya ƙone nama, in ya yi rauni ya zama banza. Tana kuma bukatar ma'aikatan jinya masu yawa da majinyacin da zai zauna wuri ɗaya, abin da ba ya samuwa a ranar babban gumurzu, lokacin da ake kawo masu rauni dubbai. Muhimmin abin lura shi ne matakin farko na hanyar aikin wuƙa ne. Shi kansa Carrel ya nanata cewa ruwan ba zai yi amfani a raunin da ba a tsabtace ba.

3.6 Sauran Magunguna da Kayan Ɗauri

Ba ruwan Dakin kaɗai aka fito da shi ba. A 1915 masana a Jami'ar Edinburgh, ƙarƙashin James Lorrain Smith, suka haɗa wani ruwa mai kama da shi daga hodar bilic da borik, aka sa masa suna Eusol. Wannan suna sananne ne ga ma'aikatan jinya a asibitocin Nijeriya, inda aka daɗe ana wanke gyambo da shi. A 1916 Rutherford Morison na Newcastle ya fito da wani man shafawa da ake kira BIPP, wanda aka haɗa da bismut da aidofom da man farafin. Amfaninsa shi ne bayan an tsabtace rauni an shafa shi, ana iya barin ɗaurin kwanaki ba a kwance ba, wanda hakan ya rage wa majinyata azaba. Likitoci mata na asibitin soja na Endell Street da ke Landan suna cikin waɗanda suka gwada shi sosai. A 1917 kuma Carl Browning ya gabatar da wani rini mai launin rawaya, wato filabin, wanda ruwan jini ba ya raunana shi kamar sauran.

Har ila yau an fuskanci ƙarancin auduga, domin ana amfani da ita wajen haɗa albarushi. Tun a 1914 likita Charles Cathcart da masanin tsirrai Isaac Bayley Balfour, dukansu a Edinburgh, suka jawo hankali ga wani gansakuka da ke tsirowa a fadamun Sikotland da Ailan. Idan ya bushe yana shan ruwa fiye da auduga, kuma yana da ɗan tsami da ke takura wa ƙwayoyin cuta. Mata da yara 'yan sa-kai ne suke tsinto shi, su tsince, su ɗura a jakunkunan ƙyalle. Zuwa 1918 ana haɗa kimanin miliyan ɗaya na irin wannan ɗauri a kowane wata a Birtaniya.

3.7 Komawa ga Wuƙar Likita

Yayin da ake ta jayayya a kan wane magani ya fi, wasu likitocin da ke kusa da bakin daga sun kama wata hanya. Tun 1915 Henry Gray a rundunar Ingila da René Lemaître a ta Faransa suka riƙa yanke duk naman da ya lalace har sai sun kai ga tsoka mai jini, wadda take motsi idan an taɓa ta. Wannan ba sabon abu ba ne, domin Dominique Larrey, likitan rundunar Napoleon, ya san amfanin buɗe rauni, Reyher ma ya nuna haka a 1877. Abin da ya faru shi ne dogaro da magani ya sa an yi watsi da shi.

Yanke mataccen nama yana raba ƙwayoyin ruɓewa da abincinsu da maɓoyarsu gaba ɗaya, amma sai an yi shi cikin sa'o'in farko. Wannan ne ya tilasta sauya tsarin aikin lafiya na soja. Tashoshin da a da aikinsu shi ne sauya bandeji da tura majinyata gaba, sai aka mayar da su asibitocin tiyata, aka kai musu likitocin fiɗa da ma'aikatan jinya da na'urar hoton ƙashi, aka kuma yawaita motocin ɗaukar marasa lafiya. A taron likitocin fiɗa na ƙasashen ƙawance da aka yi a birnin Faris a 1917 an amince da wannan tsari: a yanke da wuri, a ɗinke nan take idan raunin ya tsabtata kuma majinyacin zai zauna a hannun likitan, in ba haka ba a bar shi a buɗe a ɗinke bayan 'yan kwanaki. Raunin da ya riga ya ruɓe ko wanda ba a iya yanke shi duka ba, shi ne aka bar wa hanyar Carrel da Dakin da makamantanta.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda hanyar da Lister ya fara a 1865 ta shiga aikin soja, da yadda yaƙin Afirka ta Kudu ya sa likitoci suka amince da ita fiye da kima. An ga kuma yadda harsashin igwa da ƙasa mai taki da tufafi masu taɓo da jinkirin ɗaukar masu rauni suka fallasa iyakarta a 1914. Saɓanin Cheyne da Wright bai ƙare da nasarar ɗayansu ba, kuma hanyar Carrel da Dakin ta yi aiki ne saboda ta haɗa magani da tiyata da kulawar dare da rana. Bandejin da soja ke ɗauke da shi bai rasa amfani ba, domin yana rage zubar jini yana kuma hana ƙarin datti shiga, sai dai ba ya iya warkar da abin da ya riga ya shige ciki. Tambayar da yaƙin ya bari ita ce ko za a sami maganin da zai bi jini ya kashe ƙwayoyin cuta ba tare da ya cuci jiki ba. Fleming, wanda ya ga gazawar kabolik a Boulogne, shi ne ya gano fenisilin a 1928. Ko bayan samuwar wannan magani, ƙa'idar yanke mataccen nama da jinkirta ɗinki ita ce ta ci gaba da zama ginshiƙin kula da raunin yaƙi.